Zaɓa wa Tsohuwar Mota Fetur: Jagora ga Masu Peugeot 504 da Sa'o'inta

A shekarar 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri da ke Kaduna, kuma 504 ɗin da ta riƙa fitowa daga can, da salun da wagon da a-kori-kura, ta shafe kusan shekara talatin tana jigilar ma'aikatan gwamnati da fasinjojin tasha da buhunan hatsi kafin a daina haɗa ta a tsakiyar shekarun 2000. Waɗanda suka rage a yau kashi biyu ne. Akwai masu cin kasuwar ƙauye har yanzu, akwai kuma waɗanda 'ya'ya suka gada daga iyayensu suka ajiye a rumfa, ba sa fito da su sai ranar Juma'a ko ranar Sallah. Wannan jagora ta fi shafar masu kashi na biyun, tare da masu Volkswagen mai siffar kunkuru da tsohuwar Mercedes da Land Rover, domin motar da ba ta fita kullum ita ce fetur ya fi yi wa illa.

Tun 1968 aka fito da 504 a Faransa, an kuma tsara injinta a kan fetur ɗin wancan zamani, wanda yanzu babu gidan man da ke sayar da irinsa. Wannan ne ya sa masu tsofaffin motoci da yawa suke ganin dole sai sun nemo wani mai na musamman, ko su riƙa zuba maganin kwalba duk lokacin da suka sha mai. Abin da na gani a shekarun da na yi ina riƙe da irin wannan mota ya saɓa wa haka. Fetur ɗin yau ya ishi yawancin waɗannan injina muddin yana da tsabta kuma bai kwana biyu ba. Abubuwan da ke kassara su su ne ruwa da datti da gauraye da daɗewa a tanki, sai kuma zafin bazara.

Mataki na farko: a san lambar da injin yake nema

Kowane fetur yana da lambar da ake kira oktan, wadda take nuna yadda yake jure matsi da zafi a cikin silinda ba tare da ya kama wuta da kansa ba. Idan fistin ya taso ya matse iska da mai, abin da ake so shi ne fulogi ya ba da wuta, wutar ta bazu a hankali ta tura fistin ƙasa. Man da lambarsa ta gaza yakan fashe da kansa a wani lungu na silinda kafin wutar ta iso wurin, sai a ji wani siririn ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, galibi lokacin hawan tudu ko idan an taka totur a babbar giya. Wannan ƙara daban yake da abin da bakanikai ke nufi idan suka ce inji ya buga, amma idan aka ƙyale shi yana iya kaiwa can, domin yana cinye saman fistin, yana karya zobba, yana ƙona gaskit.

A Najeriya fetur iri ɗaya ake sayarwa a famfo, lambarsa kuma tana wajen 90 zuwa 91 a ma'aunin da Turai ke amfani da shi. Wanda ya karanta littafin mota na Amurka kada lambar 87 ta ruɗe shi, domin nasu lissafin daban ne, kuma 87 ɗinsu ya yi daidai da kusan 91 a wannan ma'auni. Abin da mai mota zai fara yi shi ne ya nemo littafin motarsa, ko ya duba cikin murfin tanki da ƙarƙashin bonet, inda wasu kamfanoni kan manna takardar da ta faɗi lambar. Injin Volkswagen mai girman cc 1600, wanda matsinsa, wato yawan yadda fistin ke matse iska da mai, 7.5 ne, 91 yake nema, don haka man famfo ya ishe shi. Injinan 504 masu kafireta, masu girman cc 1796 da cc 1971, matsinsu bai kai 9 ba, kuma shekarun da suka yi suna aiki a hanyoyinmu da wannan mai shaida ce cewa suna ɗaukarsa. Inda ake samun matsala shi ne Mercedes da aka yi domin kasuwar Jamus aka shigo da ita daga baya, don da yawa cikinsu 98 aka rubuta musu.

Ga yadda ake gwadawa. A bar injin ya yi zafi sosai, a hau miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, a sa giya ta huɗu a gudun kilomita 40 zuwa 50, a taka totur har ƙasa, a kasa kunne. Idan ba a ji komai ba, ko an ji ƙarar ta ɗan lokaci kaɗan ta ɓace, babu abin gyarawa. Idan kuwa ta ci gaba, a je wurin bakanike ya mayar da taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, baya da digiri biyu ko uku, a sake gwadawa. Za a ɗan rasa ƙarfi, amma rashi ne da bai kai asarar fistin ba. Ina ba da shawarar a nemi bakaniken da ke da fitilar taimin, domin juya distiributa da kunne kawai yakan wuce gona da iri, kuma taimin da ya koma baya fiye da kima yana sa inji zafi da shan mai.

Kafin a ɗora wa mai laifin wannan ƙara, a tabbatar lagireto ba ta toshe ba, fulogin da aka sa shi ne wanda kamfani ya faɗa, kafireta kuma ba ta rage wa injin mai. Baƙin gawayin da ke taruwa a saman fistin shekara da shekaru shi ma yana ƙara matsi, yana kuma yin jajawur ya kunna mai, shi ya sa wata motar takan ci gaba da kakkarwa bayan an zare makulli.

Mataki na biyu: batun dalma

Tun daga shekarun 1920 ake zuba wani sinadarin dalma a fetur domin ɗaga lambarsa. Guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma cire ta alheri ne babba. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun amince a Dakar a 2001 cewa za su daina amfani da ita kafin ƙarshen 2005, Aljeriya kuma ita ce ƙasar ƙarshe a duniya da ta daina, a 2021. Sai dai dalmar tana da wani aiki na biyu da ba don shi aka sa ta ba: takan bar ɗan shafe a mazaunin bawul ɗin hayaƙi, wanda ke hana bawul ɗin cin mazauninsa idan ya yi zafi.

Ko wannan ya shafi motarka ko bai shafe ta ba, ya danganta da ƙarfen da aka yi kan silinda da shi. Na 504 da na Volkswagen da na Mercedes alminiyom ne, kuma da yake alminiyom ba ya jure dukan bawul, tun daga kamfani ake dasa masa zoben ƙarfe daban a matsayin mazauni. Irin waɗannan ba su cika damuwa da rashin dalma ba. Waɗanda ke cikin haɗari su ne masu kan silinda na baƙin ƙarfe da aka yanka mazaunin a jikinsa, kamar tsohuwar Land Rover mai injin fetur na lita biyu da kwata da sauran tsofaffin motocin Ingila, musamman idan ana doguwar tafiya da gudu ko ana ɗora musu kaya.

Hanyar sani ita ce auna tazarar tafet, wato ɗan ratar da ke tsakanin bawul da ƙarfen da ke danna shi, ba zato ba. A 504 tazarar ita ce milimita 0.10 a bawul ɗin shiga da 0.25 a na hayaƙi, ana aunawa inji yana da sanyi. A Volkswagen 0.15 ce duka biyun. A auna, a rubuta a littafi, a sake aunawa bayan kilomita 5,000. Idan tazarar bawul ɗin hayaƙi tana ta raguwa duk lokacin da aka duba, mazaunin yana nutsewa ke nan. A nan ne maganin kwalba mai maye gurbin dalma yake da amfani, da sharaɗin a tsaya a kan iri ɗaya, a kuma bi awon da aka rubuta. Gyaran dindindin shi ne ranar da aka sauke kan silinda a kai shi wurin masu injin gyaran ƙarfe su dasa masa mazauni mai tauri. Ƙwallon kafur da wasu ke jefawa a tanki ba ya cikin magani, haka ma man ƙananan jiragen sama, wanda har yanzu akwai dalma a cikinsa.

Mataki na uku: a san hanyar da mai ya biyo, a zaɓi gidan mai

A nan ne ya kamata mai tsohuwar mota ya fi mayar da hankali, domin tunda iri ɗaya ake sayarwa, zaɓin da ya rage masa shi ne wurin saye.

Lokacin da 504 take tashe, tsarin rarraba mai a arewa ya dogara ne a kan matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, da bututun da ke kai mai daffo-daffo irin na Hotoro a Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri, daga nan tanka ta ɗauka zuwa gidajen mai na kusa. Wannan tsari ya daɗe da raunana. Shekaru masu yawa man da ake sha daga waje ake shigo da shi ta jiragen ruwa, daga Satumban 2024 kuma matatar Dangote da ke Lekki ta fara fitar da fetur. Ko daga ina ya fito, yawancin man da ke isowa arewa a bayan tanka yake zuwa, mai lita 33,000 ko 45,000, daga Legas ko Warri ko Fatakwal ko Kalaba, tafiyar da takan kai kilomita dubu ta ci kwanaki. Man da ya bar daffo da takardar shaidar inganci yana iya gamuwa da saurar gas ko kananzir a ɗakin tankar da ba a tsiyaye ba, ko hannun wanda ya rage ya cike gurbin da wani abu, ko kuma tankin ƙasa na gidan mai da ya tsufa yana shan ruwa.

Wani lokaci matsalar daga tushe take. A Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA, wadda ke sa ido a kan harkar, ta sanar cewa an shigo da fetur mai metanol (wani sinadari dangin barasa) fiye da ƙa'ida, wanda aka ɗoro daga Antwerp ta Beljiyam, janye shi daga kasuwa kuma ya haddasa dogayen layuka na makonni. Irin wannan ba kullum yake faruwa ba, kuma idan ya faru labari yana bazuwa. Abin da ya fi yawa shi ne ƙaramar matsalar gidan mai guda, wadda babu jaridar da za ta buga.

Na gamu da irinta wata shekara a watan Agusta tsakanin Zariya da Funtuwa. An kwana ana ruwa, na tsaya a wani ƙaramin gidan mai da ba kowa a layi na sha lita ashirin. Ban yi nisa ba motar ta fara shaƙewa, tana ja tana saki, har ta mutu a gefen hanya. Wani dattijon bakanike da ke da rumfa a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ya zare tiyon da ke shiga kafireta, ya sa bakinsa a wata farar kwalba, ya ce in ba da sitata. Ya ɗaga kwalbar ya kalli rana da ita. Fetur yana sama, a ƙasa kuma ga wani abu mai ruwan ƙasa-ƙasa ya kwanta, kaurin yatsa biyu, yana motsi daban idan an karkata kwalbar. Ya ce, "Alhaji, injinka lafiyarsa lau, ruwa ta sha." Na ce, "Baba, yanzu mene ne abin yi?" Ya ce sai an sauke man duka. Mun kai la'asar a wurin.

Daga ranar na kafa wa kaina ƙa'idoji. Ina sayen mai a inda ake ciniki sosai, inda masu motocin haya da 'yan adaidaita sahu ke bin layi, domin man da ke ƙarewa cikin kwana biyu ko uku ba ya samun lokacin lalacewa, kuma waɗannan direbobi sun fi kowa saurin gane gidan man da ya ɓaci su ƙaurace masa. Idan na ga tanka tana sauke mai nakan wuce in dawo bayan wasu sa'o'i, saboda zubar sabon mai yana tayar da lakar da ta kwanta a gindin tanki. Haka nan ba na son shan man ƙarshe, lokacin da famfo ya fara tari yana fitar da iska. Da damina nakan dubi inda murafan tankin ƙasa suke. Idan a kwari suke ruwa yana kwanciya a kansu, ban tsayawa. Gidan man da ya san aikinsa yana da wani man shafawa da ake sa wa sandar awo, wanda ke canza launi idan ya taɓa ruwa, kuma babu laifi mutum ya tambayi manaja cikin ladabi yaushe suka auna na ƙarshe. Mafi muhimmanci, a tsaya a kan gida ɗaya ko biyu, a riƙa karɓar rasit, domin ranar da mota ta canza hali a san daga ina abin ya fito.

Game da 'yan bumburutu, na san akwai ƙauyuka da garuruwan kan iyaka inda babu wani zaɓi, kuma da yawansu daga gidan mai suka sayo. Matsalar tana ga jarkar, wadda ba a san abin da ta ɗauka jiya ba, da kuma ranar da galan ya wuni a cikinta yana fitar da mafi sauƙin ɓangaren man, wato wanda ke tayar da inji da safe. Idan dole ta sa, a sayi abin da zai kai mutum gari na gaba kawai, a kuma tace shi da mazurari mai lallausar raga.

Mataki na huɗu: a gwada man a gida

Gwaje-gwaje huɗu ne, kayan aikinsu kuma farar kwalbar gilashi ce da farar takarda da ƙaramin sikeli. A yi su a fili, nesa da murhu da janareta da mai shan taba, kuma kada a zuƙo mai da baki, domin ɗan kaɗan ya shiga huhu yana iya kwantar da mutum a asibiti.

Na farko shi ne kallo. A zuba mai a kwalba a ajiye minti goma. Mai kyau garau yake, ana ganin yatsa ta bayansa. Idan ya yi hazo akwai ruwa a gauraye, idan an ga ɗigo ko shimfiɗa a ƙasa ruwan ya yi yawa, jan gari kuma tsatsa ce. Launi shi kaɗai ba hujja ba ne, domin ya danganta da matatar da man ya fito. Na biyu, a ɗiga kaɗan a farar takarda. Fetur zalla yana bushewa cikin 'yan mintuna bai bar komai ba, wanda aka gauraya da gas ko kananzir kuwa yakan bar tabon maiƙo.

Na uku shi ne nauyi. A sami kwalbar da aka yi wa alama daidai inda ruwa mai nauyin giram 1,000 ya tsaya, a busar da ita sarai, a cika ta da fetur zuwa alamar, a auna, a cire nauyin kwalbar. Lita ɗaya ta fetur tana tsakanin giram 720 da 780, kananzir yana wajen 800, gas kuma ya haura haka. Idan awon ya doshi 800 akwai abin tambaya. Wannan gwaji babban gauraye kawai yake kamawa, amma babban gaurayen ne ke saukar da lambar oktan har ya sa inji ƙara da hayaƙi, ya kuma wanke baƙin mai daga jikin silinda.

Na huɗu na gano metanol ko ɗan'uwansa itanol ne. A zuba ruwa kashi ɗaya a siririyar kwalba, a yi alama daidai samansa, a ƙara fetur kashi tara, a rufe, a girgiza sosai, a ajiye minti goma. Waɗannan sinadarai sun fi son ruwa a kan fetur, don haka za su bar man su koma cikin ruwan. Idan shimfiɗar ƙasa ta haura alamar, suna ciki, kuma yawan hawan yana nuna kimanin yawansu.

Mataki na biyar: a shirya motar ta karɓi man zamani

Dalilin gwaji na huɗu shi ne robar da aka yi tiyo da tantanin famfon mai da ita a shekarun 1970 ba ta jure itanol, balle metanol da ya fi shi ci. Robar takan kumbura ko ta bushe ta tsage, ƙarfen kafireta ya yi farin gari, tankin kuma ya yi tsatsa saboda ruwan da sinadarin ke janyowa daga iska. A Amurka fetur mai kashi 10 cikin 100 na itanol shi ne gama-gari, Birtaniya ma ta koma kansa a Satumban 2021, kuma masu tsofaffin motoci a can sun sha fama da wannan. Tunda mai yana yawo tsakanin ƙasashe, hikima ita ce a shirya motar tun kafin a gamu da shi.

A canza duk tiyon mai, tun daga tanki har kafireta, a nemi wanda aka buga wa J30 R9 a jikinsa, domin ya fi R6 da R7 juriya. Kada a yarda da tiyon ruwa ko farar robar lebur. Ga mai Volkswagen wannan batun rai ne, don tiyon yana bi ta kusa da inji mai zafi da wayoyin wuta, kuma gobarar da ke cinye waɗannan motoci galibi daga nan take tashi. A sa sabon tantani a famfon mai; alamar tsohon ya huje ita ce baƙin mai ya ƙaru a sandar awo yana warin fetur. Sannan a sa filta mai gilashi ko farar roba kafin famfon, inda ido zai riƙa ganin abin da ke wucewa, a ajiye guda ɗaya a but. Idan filtar tana cika da jan gari duk bayan mako biyu, laifin na tankin motar ne, sai a sauke shi a wanke ko a canza.

Farar wutar da ke cikin mai, wadda ƙungiyar ECOWAS ta amince a 2020 a rage ta zuwa kashi 50 cikin miliyan, ba ta cutar da tsohuwar mota kamar yadda take cutar da sabuwa, tunda babu na'urar tace hayaƙi a salansarta. Illarta ita ce tana sa baƙin mai tsami, don haka a riƙa juye shi duk kilomita 5,000, ko duk wata shida idan motar ba ta yawo.

Mataki na shida: bazara

Wani ɓangare na fetur yana fara tafasa tun zafi bai kai digiri 40 ba, a watan Afrilu kuwa iskar Sakkwato ko Maiduguri kanta tana wuce haka, balle ƙarƙashin bonet. Sabuwar mota famfonta yana cikin tanki yana turo mai da ƙarfi, amma na 504 a jikin inji yake yana zuƙowa, kuma ba ya iya zuƙar tururi. Shi ya sa mota takan mutu a cunkoso da azahar, ko ta ƙi tashi minti goma bayan an kashe ta, sannan ta tashi lafiya idan ta huce. Mutane da yawa sukan ce an sayar musu da gurɓataccen mai alhali zafi ne kawai. Tsohuwar dabarar direbobin tasha ta ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon tana aiki, kuma ita ce ma gwajin: idan motar ta tashi bayan haka, an gano ciwon. Gyaran shi ne a nisanta tiyo daga bututun hayaƙi, a tabbatar faifan da ke raba kafireta da zafin inji yana nan ba a yar da shi ba a wani gyara, a kuma wanke lagireto. Idan mota mai zafi ta ƙi tashi, a taka totur har ƙasa a riƙe, a ba da sitata, kada a yi ta famfa shi.

Mataki na bakwai: ajiya, da abin yi idan mummunan mai ya riga ya shiga

Fetur ba ya son zama. A zafinmu cikin wata biyu zuwa uku yakan fara canzawa, ƙamshinsa ya koma kamar na tsohon fenti, launinsa ya yi duhu, ya bar wani danƙo mai kama da ƙaro da ke toshe ƙananan ramukan kafireta. Tankin tsohuwar mota kuma yana numfashi, yana shaƙar iska da dare yana fitarwa da rana, da damina iskar tana shigowa da laima, da hunturu kuma da ƙura.

Idan motar za ta zauna wata ɗaya ko biyu, a cika tankin, wanda a 504 salun lita 56 ne, domin a rage wurin da iska za ta zauna. Duk mako biyu a fita da ita tafiyar minti ashirin ko talatin har ta yi zafi sosai. Tayar da ita a rumfa na minti biyar yana tara ruwa ne a salansa da cikin baƙin mai. Idan zaman zai wuce wata shida, gara a sauke man a zuba wa motar da ake hawa kullum, a bar injin ya shanye na cikin kafireta har ya mutu da kansa. Maganin hana mai tsufa yana taimakawa idan an zuba shi a sabon mai, amma ba ya farfaɗo da wanda ya riga ya lalace.

Idan kuwa mota ta fara shaƙewa jim kaɗan bayan an sha mai, a tsaya, kada a yi ta matsa mata da fatan za ta ƙone shi. A ɗebi kaɗan ta tiyon kafireta a kwalba a duba. In an ga ruwa ko maiƙo, a sauke tankin duka ta kusoshin ƙasa idan akwai, ko a cire tankin, a hura bututun da iska, a buɗe kwanon kafireta a share shi, a wanke jet da fetur mai tsabta ba tare da an zura masa waya ba, a canza filta, a goge fulogi. Idan gas ko kananzir ne ya shiga kuma an yi tafiya da shi, a juye baƙin mai ma. A ajiye kwalbar samfurin a rufe tare da rasit, a koma gidan man a nuna wa manaja, in ba a sami biyan buƙata ba a kai ƙorafi ofishin NMDPRA na jihar. Bayan an zuba sabon mai, a sake duba filtar bayan tafiyar kilomita hamsin ta farko, domin sauran ruwan da ya maƙale a lungunan tanki a lokacin yake fitowa.